Mutum Biyu a Kan Kalangu Ɗaya

Abu uku kalangu yake nema kafin ya yi magana: hannun da zai buga, damtsen da zai matse tsarkiya, da kunnen da zai gane abin da aka ce. A ranar da nake son ba da labarinta, abin da ya rage mana ke nan a duk faɗin Jos, ɗaya-ɗaya, kuma kowanne a jikin mutum daban yake. Hannun na Yaya Ilu ne, na dama, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya rage masa. Damtsen nawa ne, na hagu, wanda ya yi shekara da shekaru bai rungumi komai ba sai katako. Kunnen kuwa na wani tsohon mahauci ne, Mamman, da ke kwance a gidan ɗansa a Rayfield, wanda aka ce ya daina gane ’ya’yan cikinsa. Ni ɗan kasuwa ne, ban saba shiga harkar da jarinta ya yi ƙaranci haka ba. Amma Yaya ne ya nema. Mutumin da roƙo ne sana’arsa, tunda nake bai taɓa roƙona komai ba sai wannan: yana so ya buga wa Mamman takensa sau ɗaya, kafin ɗayansu ya riga ɗaya.

Wanda ya taso yanzu zai ce mene ne kuma take, da har dattawa za su ɗauki ƙafa a kansa. Take ba waƙa ba ne, ba kuma kirarin baka ba ne. Gajeriyar magana ce da kalangu yake yi wa mutum ɗaya, uba ya mutu ya bar wa ɗansa kamar yadda zai bar masa wuƙa da dutsen washi. A zamaninmu duk mahaucin da ya isa yana da nasa. Yana can ƙarshen kwata ya duƙa a kan sa, hannu dumu-dumu da jini, sai ya ji an buga, ka ga ya miƙe ya ɗaga wuƙa sama ya yi kururuwa, alhali babu wanda ya ambaci sunansa. Kawuna, mahaifin Ilu, yakan ce, “Baki kowa yake kira. Kalangu mutum ɗaya yake kira.”

A gidan Kawu na tashi. Mahaifina leburan kuza ne, rami ya rufta da shi tun ban iya riƙe fuskarsa ba, sai uwata ta kai ni wurin wanta, makaɗin mahauta. Idan na tuna Jos ta wancan lokaci, kunnena ne yake fara tunawa kafin idona. Gari na wayewa ka ji ladan, can ka ji ƙararrawar coci daga wajen Kabong, sannan jiniyar kamfanin kuza, sannan jirgin ƙasa yana tari a tasha. A tsakanin waɗannan kuwa akwai shiru, shiru na gaske, wanda har takun shanun da ake korowa kwata kana ji daga kan tabarmarka. A cikin irin wannan shirun ne kalangu yake tafiya nesa. Kawu ya buga a bakin kwata, matar mahauci tana shara a wata unguwa ta ce wa ’ya’yanta, “Yau babanku ya kayar da babba.” Yanzu fa? Janareto, keke, lasifikar mai tallar magani, da injin tsaga katako, wanda nawa ma yana ciki. Ko mahaukaci ne ya yi ihu a kasuwar Katako, sai ya matso kusa za ka san yana yi.

Aikina na farko ba kiɗa ba ne, wuta ce. Sanyin Jos da raɓarta ba sa shiri da fata. Kalangun da ya kwana a rataye, da safe sai ka ji muryarsa ta dushe kamar mai mura. Sai in kwashi kalangai in kai bakin murhun Inna, matar Kawu, in riƙa juya su nesa da harshen wuta, ina ƙwanƙwasawa da yatsa har murya ta dawo. Ka matsa da yawa fata ta fashe, ranar kuwa kai ma taka fatar sai ta gaya maka. Bayan wannan akwai jiƙa sabuwar fatar ɗan akuya, da kankare gashinta da toka, da shafa wa tsarkiya man shanu, wato igiyoyin fatar nan da suka haɗa bakin kalangu biyu, don kada su bushe su tsinke. A kwata ba kuɗi ake ba mu ba, nama ne. Duk san da aka kayar akwai kason makaɗi: wani ya ba da tumbi, wani ƙafa, mai ji da kansa ya yanko tsoka. Inna takan ce a gidanmu sule biyu ba su taɓa kwana tare ba, amma ba a taɓa shan miya lami ba. Ranar Asabar mu nufi barikin kuza inda aka biya leburori, ko a kira mu biki a Kabong, gidan Kirista, mu yi musu namu kiɗan su yi mana nasu, a cika mana kwano da gwate, babu mai tambayar wani me ya kawo shi unguwar.

Da na yi ƙwari aka ba ni ɗan karɓi, ƙaramin kalangun da ke bin babba. Shi a ɗaure yake tamau, murya ɗaya gare shi, ba a matse shi. Aikinsa ya riƙe wa babba hanya kawai. Don haka duk wani take da ke kwata na san shi a kunne, amma ban iya fitar da ko ɗaya ba. Ilu, wanda ya girme ni, shi aka ɗora a kan babba. Kawu yakan kama masa damtse ya girgiza ya ce, “Hannun dama bawa ne, abin da aka sa shi yake yi. Wannan shi ne mai magana.” Gaskiya ne kuwa. Gula, wato lanƙwasasshen sandan bugu, ƙara kawai take bayarwa. Matsewa da sassautawa su ne suke ɗaga murya su sauke ta har ta zama zance. Kuma ban taɓa ganin damtse irin na Ilu ba. Kalangu a hammatarsa yakan yi zolaya, ya yi habaici, ya gaishe da mace ta juyo tana murmushi ba ta san me ya juyo da ita ba.

Akwai al’adar da za ku riƙe, domin a kanta komai ya rataya. Idan mai take ya rasu, ajiye takensa ake yi. Ba a sake bugawa sai ranar da manyan mahauta suka taru suka ce ɗansa ya isa, ya sa wa makaɗi riga, sannan a tayar da shi. Mamman a lokacin saurayi ne siriri, ubansa bai daɗe da rasuwa ba, kuma babu wanda yake ganin ya isa, har shi kansa.

Wata safiya ana gab da babbar salla aka kawo wani bajimin sa, fari, mai ƙaho kamar mutum ya buɗe hannuwansa biyu. Kawu bai fito ba ranar, ni da Ilu ne. An zarga wa san igiya a ƙafa za a kayar, sai ya yi wata girgiza ya fizge, ya watsar da masu riƙon kamar an zubar da gyaɗa. Kowa ya yi ta kansa. Manyan da ke cika baki, wani ya shige ƙarƙashin teburin fawa, wani ya haye amalanke. Mamman na gan shi a kan katanga, ya rungume ta da hannu da ƙafa. Sa kuwa ya ga ƙofa a buɗe ya nufe ta. A bakin ƙofar nan matan ƙauye suke baza dankali da kabeji da tumatir. Duk sun tsere, sai wata tsohuwa da muke kira Ngo, mai ciwon gwiwa, ta dafa ƙasa tana ƙoƙarin tashi ta kasa.

Ban san abin da ya shiga kan Ilu ba. Na dai ji ya take mini ƙafa ya ce, “Karɓa!” Na kama ɗan karɓi. Shi kuwa ya juya bakin kalangu ya saita katanga, ya saki taken da aka ajiye, taken uban Mamman: Kututturen ƙirya, mai ture ka shi zai gaji. Ya sake, ya sake, har tsarkiya tana kuka. Na ga kan Mamman ya ɗago kamar wanda aka kira daga barci. Ban ga saukowarsa ba. Na dai gan shi a gaban sa, ƙirjinsa a tsakanin ƙaho, hannuwansa sun sarƙe a wuya. San ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, bai saki ba. Ya ja shi a kan tsakuwa, bai saki ba. Ƙaho ya tsarge masa cinya, jini ya wanke wandonsa, bai saki ba, Ilu kuma bai daina ba. Sai da kunya ta fito da manya daga maɓoyarsu suka kawo igiya.

Da ƙura ta lafa, abin da Ngo ta fara faɗa shi ne, “To tumatir nawa fa? Wa zai biya?” Mamman yana kwance cikin jini ya fashe da dariya. Amma tun daga ranar, duk kaka sai ta aiko masa da kwandon dankali har ta bar duniya. Kawu da ya ji labari ya kira Ilu tsakar gida ya ɗauke shi da mari, don ya tayar da take ba da izinin manya ba. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da kalangunsa na alilliba, wanda ko taɓawa ba ma yi, ya rataya masa a kafaɗa, ya koma ɗaki. Mamman ya warke da ɗingishi. Duk sanda ya hango Ilu sai ya ɗaga wuƙa ya ce, “Ga ɗan banzan da ya gurgunta ni!” Sannan ya yanko masa inda ya fi kyau a jikin sa. Ni kuwa ranar na san cewa guntun ice da fatar akuya suna iya sauko da mutum daga kan katanga su kai shi bakin mutuwa, ya kuma tafi da ƙafarsa.

Duk da haka na bar kiɗa, kuma ba zan yi ƙaryar nadama don labari ya yi daɗi ba. Kawu ne ya riƙa aikena wurin masu yankan katako neman icen kangon kalangu. Na ga yadda gungume ɗaya yake shiga zarto ya fito gida-gida, na ga gari yana faɗaɗa kowa na neman rufi da ƙofa. Lokacin Kawu ya fara koya mini matsa ke nan. Na je wa Ilu da maganar barin kiɗa ina jin nauyi, sai ya yi dariya ya ce, “Je ka, ƙane. Kai ko kana kiɗa idonka yana ƙirga kawunan shanu.” Na fara da dako, na koma dillanci, na kama rumfa. Katako ya aurar da ni, ya kai ni Makka, ya ciyar da gidana, daga baya har da gidan Ilu. Da za a mayar da ni baya, hanyar nan zan sake bi.

Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda kunnuwa suke ƙarewa. Kamfanin kuza ya rufe, jiniya ta yi shiru. ’Ya’yan mahauta wasu suka yi boko, wasu suna fawar amma waya ce a kunnensu. Biki ya koma na lasifika da fiyano. Masu wa’azi suka ce kiɗa shagala ne, wasu suka ji suka bari. Gari kuma ya tsage, unguwa ta san nata, inda kalangu yake shiga da rana tsaka ya zama sai ka yi tunani kafin ka taka. Duk wannan bai kai abu ɗaya ciwo ba. Masu take suna mutuwa, ana ajiyewa kamar yadda al’ada ta ce, amma babu manyan da za su taru su ce ɗa ya isa. Haka aka yi ta ajiyewa ba a ɗauka. Ilu yakan zo rumfata ya zauna a kan tulin katako, mu gaisa, can ya ce, “Yau na ajiye na wane.” Ni kuma ina tsakiyar ciniki in ce Allah ya jiƙansa, in juya wurin mai saye.

Sai ciwon ya same shi, ya tafi da hagunsa. Na yi abin da na iya. Na kai shi asibiti, na kawo mai gashin ƙashi, na sayi duk maganin da aka rubuta. Ƙafa ta ɗan dawo, baki ya daidaita, damtse ya ƙi. Na ce to a sami mai gado. Jikokinsa suka saurara cikin ladabi suka koma kan wayoyinsu. Na kawo wani mai situdiyo, mutumin kirki, ya ce Yaya ya rera takensu da baki shi zai fitar a fiyano. Ya fitar kuwa, da daɗin ji, har leburorina suna rawa. Yaya ya saurara ya ce, “Madalla. Amma wa yake kira?” A nan na gane na zo inda aljihu ba ya aiki. Duk rayuwata idan abu ya gagara nakan ƙara farashi ya zo. Wannan babu mai sayarwa.

Da labari ya zo cewa Mamman ya kwanta, kuma shi kaɗai ya rage cikin masu take, sai Yaya ya sa aka kawo shi rumfa da kalangun alilliba a cikin buhu. Ya ce, “Ƙane, ara mini damtsenka.”

Na ce, “Yaya, ban iya matsa ba. Ka sani.”

“Ka san taken?”

“Kamar sunana.”

“To ni zan buga, kai ka matse. In na taka ka, matsa. In na ɗaga, saki.”

Muka koma bayan rumfa, tsakanin tulin maɗaci da na farin katako. Na sa kalangu a hammata, ya zauna a haguna kafaɗa da kafaɗa, ƙafarsa ta dama a kan tawa. Maƙwabcina a kasuwa ya leƙo ya ce, “Alhaji, lafiya? Kasuwar ce ta karye har an koma gado?” Na ce, “In ta karye kai zan fara yi wa roƙo, marowaci.” Aka yi dariya. Amma abin ba na dariya ba ne. Kafin saƙo ya taso daga ƙafa ya iso damtse, gula ta riga ta sauka. In na yi sauri in wuce shi, in na jira in makara. Abin da jiki ɗaya yake yi ba tare da tunani ba, mu biyu muna yi da shawara. Muka yi ta yi har damtsena ya kumbura, tsarkiya ta zane mini haƙarƙari. Wani lokaci rabin maganar ta fito sarai, kututturen ƙirya, sai sauran ta watse. Na ce, “Yaya, mu ƙara kwana biyu.” Ya ce, “Kai kake da kwana biyu. Ni da Mamman ba mu da tabbas.”

Muka tafi da hantsi, ana yayyafi. Rayfield shiru, itatuwa, dogayen katangu, irin shirun da na ce babu shi yanzu, ashe yana nan amma na masu hali ne. Maigadi ya leƙa mota ya ce, “Oga ya ce ku shiga. Amma wannan ganga, shi ma zai shiga?” Yaya ya ce, “Shi ne baƙon, mu rakiya muka yi.” Damshi ya dushe muryar fata, ga shi babu murhun Inna. Sai na ɗora kalangu a kan bonet ɗin mota da ke da sauran zafi, ina juyawa ina ƙwanƙwasawa, ni da furfurata da babbar riga.

Ɗan Mamman ya fito ya durƙusa ya gaishe mu. Mutum ne mai hankali, yana kai nama manyan otal. Ya ce, “Baffa, kada ku sa rai. Baba ba ya gane kowa. Jiya ni ya tambaya ko ni ne mai kawo shanu. Yini guda sai ya yi bai ce komai ba.”

Yaya ya ce, “Ba gaisuwa muka zo ba, ɗana. Takensa muka kawo masa.”

“Take kuma? Wane iri?”

Muka ɗauki kalangu muka bi shi ciki.

Mamman yana kwance a gado mai ƙarfe, ya ƙanƙance, tabon cinyarsa ya fi cinyar girma. Idonsa a rufe. Nas ɗin da ke kula da shi ta jawo mana kujeru biyu ta haɗa, ta ce, “Baba, a hankali fa, kar ku tsorata shi.” Muka zauna yadda muka saba. Yaya ya yi bisimilla ya taka ni.

Karo na farko ya watse tun daga tsakiya. Mamman bai motsa ba. Karo na biyu na ga yatsun hannunsa na dama sun dunƙule, kamar mai riƙe da ƙotar wuƙa. A na uku ya buɗe ido. Ya juyo da kai a hankali, leɓɓansa suna bin kiɗan, suna kaiwa inda muke tuntuɓe sai su tsaya. Fuskarsa ta ɗaure. Ya ɗaga hannu, muka dakata.

Da murya garau ya ce, “Wane ne wannan yake tauna taken ubana?”

Ɗansa ya dafe baki. Yaya ya matso da kujera ya ce, “Mamman, ni ne.”

Mamman ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, ya dubi hannun da ke lilo, ya dubi ƙafarsa a kan tawa. Sannan ya ce cikin tausayi, “Baba, ka yi haƙuri, ba ka iya ba. Ba a yin kalangu mutum biyu. A kira min Ilu.”

“Mamman, ɗan banzan da ya gurgunta ka. Ni ne.”

“Af, ka san shi? To aika a kira shi. In Ilu ya buga wannan, ko a kan katanga kake sai ka sauko.” Ya juya wurin ɗansa ya ce, “Kai, yanko wa tsofaffin nan tsoka. Ko makaɗi bai iya ba, ba a sallamarsa hannu wofi.” Ya mayar da kai kan matashi ya rufe ido.

Na dubi Yaya ko za mu sake gwadawa. Ya ɗauke ƙafarsa daga kan tawa. Ɗan Mamman ya raka mu mota idonsa jajir, yana cewa ya manta rabon da ya ji Baba ya yi magana mai tsawo haka. Ya tambaye ni me gangar ta ce, na gaya masa, ya maimaita a hankali kamar mai koyon baƙon yare. Sannan ya aika aka ɗauko nama daga firiza, ƙulli guda, da ƙanƙara kamar dutse, ya ɗora wa Yaya a cinya da hannu biyu.

Mun kusa fita Rayfield sai na ji Yaya yana dariya, hawaye na bin gefen fuskarsa da ba ya motsi sosai. Ya ce, “Ka ji ɗan banza? Ya manta ɗansa, bai manta inda ake matsawa ba. Kunnensa garau, ƙane. Garau.”

Na ce, “Kai yake nema, Yaya.”

Ya dubi hannunsa na hagu a kan ƙullin nama ya ce, “Da na san inda yake, da ni ma na aika an kira shi.”

Damina ba ta ƙare ba Mamman ya rasu. Bayan an dawo daga maƙabarta Yaya ya zo rumfa, ya miƙo mini buhun ya ce, “Na ajiye na ƙarshe. Rataye shi.” Yana nan a rataye a jikin ginshiƙi, sama da inda nake zama. A idon ɗan Katako guntun alilliba ne da ba zai yi ko ƙafar kujera ba. Idan aka tayar da injin tsaga katako, fatar takan yi ’yar rawa ita kaɗai, babu mai ji sai ni da nake ƙarƙashinta.

Yaya har yau cewa yake riba muka ci. Ya ce an kira mutum ya amsa, an kuma ba makaɗi kasonsa, me ake nema a kwata da ya wuce haka? Ba na yi masa musu. Amma ni sana’ata lissafi ce, kuma na juya wannan ta kowace fuska. Da abu uku muka fita. Kunnen ya tafi, kuma kafin ya tafi ya gaya mana gaskiya. Saura hannu da damtse, ga su nan muna yawo da su, nasa da nawa. Na haɗa su, na sake haɗawa, ba su ba ni mutum ɗaya ba.